Shoot ɗin nan fa ba harbi kaɗai ba ne

Ƙanina ya kusa jawo wa gwaggonmu hawan jini da kalma ɗaya tal. Yaron nan masu ɗaukar fim yake bi, wani lokacin shi ke riƙe fitila wani lokacin ya ɗau jakar kyamara, toh ran nan da safe sai ya ɗora hoton wani layi a status ɗinsa na WhatsApp, mutane sun yi cirko-cirko a ƙofar wani gida, ya rubuta a ƙasa wai shooting going on here, pray for us. Gwaggo ba ta jin Turanci, jikarta da ke aji biyu a ƙaramar sakandare ita ke karanta mata waya, yarinya kuwa abin da aka koya mata a makaranta shi ta faɗa, "Hajiya, Kawu ya ce harbi ake yi a wajensu, wai a yi musu addu'a." Kafin ƙarfe goma an kira ni ya fi sau bakwai, shi kuma gogan naka wayarsa a kashe don darakta ya ce kowa ya kashe waya. Sai bayan azahar ya kunna, ya kira ta yana dariya, "Gwaggo wallahi fim muke ɗauka fa." Ta ce, "To don ubanka me ya haɗa fim da harbi?"

Tambayar nan tata ba ta banza ba ce, kuma ni ban ga laifin yarinyar ba ko kaɗan. Duk haka aka koya mana, malam ya rubuta a allo shoot, shot, shot, mu rera kamar karatun allo, a ce ma'anarsa harbi, shi ke nan an wuce wajen. Sai ka girma ka fara cin karo da kalmar a wuraren da ko ƙamshin bindiga babu, a filin ƙwallo, a asibiti, a gona, a labarin farashin mai, har a cikin kwamfutarka in intanet ya ƙi, sai ka rasa ta ina aka hau.

Abin da na fahimta bayan na ɗan bi diddigi shi ne mun kama kalmar ne ta wutsiya. Bindiga ba ita ce uwar kalmar ba, baƙuwa ce ta zo daga baya ta mamaye gida. A tsohon Turanci, irin wanda ake yi a Ingila shekara dubu da suka wuce, sceotan ake rubutawa, kuma abin da take nufi shi ne abu ya fita fit da gudu, ko ka wurga shi ya tafi a guje, kibiya ce ko mashi ko ma mutum da kansa ya zabura. Jamusawa har yau suna da 'yar uwarta schiessen, mutanen Holand suna da schieten. Bindiga kuwa sai wajen ƙarni na 14 ta fara leƙowa fagen yaƙi a Turai, ko a yaƙin Crécy na 1346 da Ingila ta lallasa Faransa 'yan igwa ƙalilan ne a wajen, kwari da baka ne suka yi aikin. Kaga ke nan kalmar ta yi ɗaruruwan shekaru tana yawonta kafin a san wani abu wai harsashi. Mu ma haka ne in ka lura, maharbi ya girmi adaka nesa ba kusa ba, ita kanta kalmar bindiga aro muka yi, asalinta Larabci ne, amma harbi namu ne tun ana shafa wa kibiya dafi.

Har wasu kalmomin da ba ka taɓa kawowa a ranka ba daga tsatson nan suka fito. Shut da ake cewa rufe ƙofa, asalinsa zura sakata ne, ka tura ƙarfen nan ya shige raminsa fit. Shuttle kuma ƙoshiyar masaƙi ce, wadda yake cillawa ta ratsa zare ta dawo, daga wannan kai-komon nata aka sa wa motocin da ke jigilar ɗalibai tsakanin tsohuwar jami'a da sabuwa suna, daga nan har kumbon Amurka da ya riƙa zuwa sama yana dawowa daga 1981 zuwa 2011. Wato ƙoshiyar masaƙi da kumbo sunansu ɗaya, ni abin har dariya yake ba ni.

In ka riƙe wannan, cewa zuciyar kalmar fita da sauri ce ba kisa ba, sai sauran su fara warwarewa da kansu. Tsiron da ya faso ƙasa bayan ruwan farko, ko tohon da ya fito a jikin reshe, Bature shoot yake ce masa, don jiya babu yau ga shi. Yaron da ka rabu da gani shekara biyu ka dawo ka tarar ya kere ka tsawo, he has shot up. Ciwon da ke tsarga maka daga ƙugu ya bi ƙafa kamar an ja wayar lantarki, likita zai rubuta shooting pain. Sai farashi, wanda wannan kam ba sai an yi wa ɗan Najeriya bayani ba, ranar 29 ga Mayu 2023 Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi, cikin kwana biyu uku litar da ba ta kai naira 200 ba ta koma wajen 500 har da ɗoriya, jaridun Turanci suka yi ta rubuta prices shoot up, mu kuma muka ce tashin gwauron zabi. Ka duba hoton da kowa ya zana, su kibiya suka gani ta yi sama, mu zabo muka gani ya tashi fir daga cikin ciyawa, kuma wallahi namu ya fi daɗi don har ƙarar fukafukin kana ji.

Akwai wani tsohon barkwanci da Turawa ke yi da wannan ma'ana ta tsiro. Wai dabbar nan panda ta ƙasar Sin ta shiga gidan abinci, ta ci ta ƙoshi, ta zaro bindiga ta harba sama ta kama hanyar fita, mai gidan abinci ya ce ke lafiya, sai ta miƙa masa littafin bayanin dabbobi ta ce duba. Abin da ake so a rubuta shi ne eats shoots and leaves, wato tana cin toho da ganye, amma mai rubutun ya jefa waƙafi bayan eats, sai jimlar ta koma ta ci, ta yi harbi, ta tafi. Waƙafi ɗaya ya mai da tohon gora harbin bindiga, ya mai da ganye tafiya.

Ƙwallo kuwa ita ce inda kowa ke amfani da kalmar ba tare da ya ma san ya yi ba. Shiga gidan kallo ranar da ake babban wasa, ɗan gaba ya samu ƙwallo a bakin yadi na goma sha takwas ya tsaya yanga, za ka ji benci gaba ɗaya ya miƙe, "shoot mana! Kai wannan wane irin ɗan iska ne, ɗirka shot mana!" kuma a cikin masu ihun nan har da mai shayin da bai taɓa zama a aji ba. Babu wanda ya taɓa cewa harba mana, ko da yake da ka faɗa za a gane. A Hausar rediyo bugawa ake yi, shi ya sa penalty shootout ya zama bugun daga kai sai mai tsaron gida, irin wanda muka yi da Afirka ta Kudu a gasar cin kofin Afirka a Bouaké a Fabrairun 2024, aka tashi 1-1, golanmu Nwabali ya tare biyu muka ci 4-2. In ka kai shootout ɗin nan shafin labaran 'yan sanda kuwa musayar wuta ce. Shooting Stars ta Ibadan, ƙungiyar da ta fara kawo wa Najeriya kofin nahiya a 1976, sunanta ma wasa ne da kalma, shooting star shi ne hasken nan da kake gani ya gilma a sama da daddare kamar tauraro ya faɗo, in kuma ka juya shi sai ya zama taurarin buga shot. Na taɓa jin wani ya fassara shi da taurarin harbi, ban ce masa komai ba.

Yanzu mu dawo kan tambayar gwaggo, don nan ne kaɗai nake ganin bindiga da gaske ta yi aron kanta. Kyamara ba ta fitar da komai, haske ma take haɗiyewa, to ina fita da sauri a nan? Amsar ita ce wannan reshen ba daga tsohuwar ma'anar ya tsiro ba, daga hannun maharba ya fito. Snapshot da muke cewa hoton da aka ɗauka cikin hanzari, tun farkon ƙarni na 19 kalmar mafarauta ce, harbin da ka yi wa tsuntsu ya tashi ba ka tsaya saiti ba, kuma ana danganta fara amfani da ita a harkar hoto ga masanin taurarin nan John Herschel a 1860. Sai kuma wani Bafaranshe mai binciken motsin dabbobi, Étienne-Jules Marey, a 1882 ya ƙera kyamara sak bindiga, da gindinta da ake dafawa a kafaɗa da dogon baki da kunama, ka saita tsuntsu yana tashi ka danna ta ɗauki hoto 12 a daƙiƙa ɗaya. Shi ba kashe tsuntsun yake so ba, so yake ya ga yadda fiffike ke aiki, amma tsayuwar ta maharbi ce, kanne idon na maharbi ne, riƙe numfashin ma haka. Daga nan harshen ya bi, ana loda fim kamar yadda ake loda harsashi, akwatin da fim ɗin ke ciki magazine ake ce masa kamar gidan harsashi, dogon makirufon nan da ake ɗagawa a kan sanda saman kan jarumi shotgun ne sunansa, ƙaramar kyamarar da ba ta buƙatar gwaninta kuma point and shoot.

Kuma fa ba dole ba ne a ga kyamara a tuna bindiga, zaɓin Turanci ne kawai. Faransanci juyawa yake cewa, tourner, saboda kyamarorin farko da hannu ake murza su, shi ya sa ɗan fim a Yamai ko Maraɗi in ya surka Faransanci tournage za ka ji ya ce, da ƙanina a can yake da gwaggo ta yi barcinta lafiya. Mu kuma ɗauka muke yi, ɗaukar hoto ɗaukar fim, kamar ka tsinci abu ka sa a aljihu. Amma 'yan Kannywood sun riga sun saba, muna shutin, gobe akwai shutin, amare ma yanzu sai an yi musu photo shoot kafin biki, kowa kuma yana da sikirinshot ɗin wani a wayarsa yana jiran ranar tonon silili. Headshot a wajen mai hoto hoton fuska ne irin na neman aiki, a wajen yaron da ke buga wasan harbe-harben nan na waya PUBG kuwa ya fasa kan abokin gaba ne.

Akwai ranar da ma'anonin biyu suka yi karo a wuri ɗaya kuma ba abin dariya ba ne. Ranar 21 ga Oktoba 2021 a jihar New Mexico ta Amurka ana gwajin wata fitowa a fim ɗin Rust, bindigar da ke hannun jarumi Alec Baldwin ashe akwai harsashi na gaske a ciki, ta tashi, ta kashe mai ɗaukar hoton Halyna Hutchins ta raunata darakta. Wadda ke kula da makaman fim ɗin an ɗaure ta wata 18 a 2024, shari'ar Baldwin kuma alƙali ya kore ta a Yulin shekarar. A labari irin wannan sai dai ka kauce wa kalmar, ka ce filming in ɗaukar fim kake nufi, don jimla ɗaya ba za ta ɗauki shooting biyu ba.

Sunan da ke fitowa daga kalmar, shot, shi kuma ya fi uwarsa yawo. Allura shot ce a Amurka, lokacin rigakafin korona a 2021 Amurkawa shot suke cewa mutanen Ingila jab. Ɗan ƙaramin kofin giya mai zafi da ake kurɓewa lokaci guda shot ne. Shoot up da na ce ɗazu tashin farashi ne ko tsawon yaro, in ɗan ƙwaya ake magana to allurar maye yake ɗirka wa jijiyarsa, in kuma aka ce wasu sun shoot up wani wuri to ruwan harsasai suka yi masa, kalma biyu ma'ana huɗu, sai dai ka duba waye a jimlar. Daga maharbin da ke gwada sa'arsa kuma aka samu shot mai nufin yunƙuri, give it a shot, gwada ka gani. Long shot harbi daga nesa ne, da kamar wuya gurguwa da auren nesa. Shot in the dark shaci-faɗi. Big shot ƙusa. Wanda ke call the shots shi ke da wuƙa da nama. Wanda ya shoot himself in the foot ya daɓa wa cikinsa wuƙa, kaga nan su ƙafa suka harba mu ciki muka soka, mun fi su rashin imani. Upshot da ke nufin abin da magana ta haifar a ƙarshe, kibiyar ƙarshe ce a gasar harbin baka tun ƙarni na 16. Troubleshoot da Windows ke nuna maka kuwa daga masu gyaran layin tarho ya fito wajen farkon ƙarni na 20, masu bin waya suna farautar inda ta lalace. Shoot your shot da matasa ke rubutawa a X da Instagram daga ƙwallon kwando ya zo, ma'ana ka daina leƙen hotunanta kana like a ɓoye, kai ƙoƙon bararka, in ta amsa falillahil hamdu in ta ƙi ka sha ruwa.

Ni kaina ta taɓa kama ni. Wata bita aka yi mana a wajen aiki, Ba'amurkiya ce ke koyarwa, na ɗaga hannu na ce ina da tambaya, ta nuna ni da biro ta ce "Shoot." Na yi tsuru, na waiga bayana ko da wani take, sai na kusa da ni ya zungure ni, "malam cewa ta yi ka faɗi mana." Bayan kamar minti goma biron ya suɓuce mata ya faɗi ƙarƙashin tebur, ta sake cewa "oh shoot", wannan kuma ba izini take ba kowa ba, ashar ce aka sa wa riga, suna da wata kalmar ƙazanta da ke farawa da irin wannan sautin sai su karkatar da baki, kamar yadda yaranmu ke cewa kutmelesi. Shoot me a text turo min saƙo ne, shoot the breeze kuma zaman majalisa ne ana taɓa hira ba kai ba gindi.

Kafin wani ya ce Turanci harshen ruɗani ne, mu leƙa namu gidan. Kunama harbi take yi, rina da ƙudan zuma ma haka, Bature ba zai taɓa cewa shoot a nan ba, sting zai ce. Jaki harbi yake yi, shi kick zai ce. Jijiya tana harbawa. Lokacin korona kullum a rediyo sai ka ji mutum kaza sun harbu da cutar, ka gwada mai da wannan Turanci kalma da kalma ka ga abin da zai fito. Tauraron ɗan'adam harba shi muke yi, kamar NigeriaSat-1 da aka harba daga Rasha a Satumban 2003, su launch suke cewa. Abin da ya fi burge ni ma, ɗan ƙarfen da ake dannawa bindiga ta tashi mu kunama muke ce masa, wato da bindiga ta iso ƙasar Hausa sai aka dube ta aka ce ai wannan mun san irinta, ga ta can ƙarƙashin dutse. Sakkwatawa da mutanen Nijar da yawa kuma halbi suke cewa. Don haka harbi da shoot kamar gonaki biyu ne masu maƙwabtaka, sun haɗa iyaka a wajen bindiga da baka, amma kowacce ta miƙa wani gefen daban, tamu ta bi dafi da duka, tasu ta bi gudu da saiti.

Inda abin ya daina zama wasa shi ne labarai, kuma nan nake so masu fassara kanun labari su tura a group su ɗan nutsu. Turanci yana ɓoye bambancin rai da mutuwa ne a cikin 'yan ƙananan kalmomin da ke bin bayan shoot. He was shot at, an yi harbi an nufe shi, ƙila ko ƙwarzane bai samu ba. He was shot, harsashi ya same shi, amma ba a ce ya mutu ba. He was shot dead ko fatally shot, wannan sai addu'a. Shots were fired, an ji ƙarar bindiga ne kawai, ba a ma faɗi wa aka nufa ba. Malala Yousafzai was shot a Oktoban 2012 a kwarin Swat na Pakistan, a ka ma kuwa, ga ta nan da ranta har ta karɓi kyautar Nobel a 2014. Trump was shot ranar 13 ga Yuli 2024 a garin Butler na Pennsylvania, kunnen dama aka samu, wani ɗan kallo ne ya rasu. Bayan wata biyu a filin golf ɗinsa na Florida aka sake jin shots fired, alhali wanda ake zargin bai ma harba ba, jami'in tsaro ne ya buɗe masa wuta. Shinzo Abe, tsohon firaministan Japan, kuwa ranar 8 ga Yuli 2022 da hantsi kanun labarai shot kawai suke cewa, sai da yamma da asibiti ta tabbatar sannan dead ya shigo. Hausawa da suka ce harbi a wutsiya ya fi kuskure sun san akwai tazara tsakanin ka nufa, ka samu, da ka kayar.

Abin da Turanci ke yi da at da dead da down, Hausa a ƙarshen aikatau take yin sa, kuma tsaf. Ya harba bindiga, ya saki harsashi ke nan. Ya harbi barewa, ya same ta. Ya harbe barewa, an gama, a kawo wuƙa. Ya harbo jirgi, shot down ke nan, ya faɗo ƙasa, ko ka ce ya kakkaɓo shi. Amma in majalisa ce ta shoot down wani ƙuduri fatali ta yi da shi, ba wanda ya harbo komai. Matsalar tamu tana wuri ɗaya ne, in ka sa wakilin suna. Ya harbi Audu in ka cire sunan sai ya koma ya harbe shi, ya harbe Audu ma in ka cire sunan ya harbe shi ne. A baki ba a ruɗewa, na farkon murya ƙasa take farawa ta hau, na biyun sama take farawa ta sauko, kunnen Bahaushe yana rabewa ko bai san ya rabe ba. A rubuce kuwa da yake ba ma sa alamar karin sauti, haruffan iri ɗaya ne sak. Toh ka ɗauki he was shot, mai fassara ya rubuta an harbe shi, daidai ya rubuta, mai karatu ya karanta da ɗaya muryar, kafin la'asar an fara tura innalillahi. Shi ya sa gogaggun 'yan jarida ba sa barin ta tsirara, ko su ce an harbe shi har lahira, ko an bindige shi, ko kuma an harbe shi a ƙafa yana asibiti. Wannan har lahira ɗin ba ado ba ne, shi ne dead ɗinmu.

Wani lokacin ma fassarar ta baya take tafiya. A Maris 2021 Garba Shehu ya shaida wa BBC Hausa cewa Buhari ya ba jami'an tsaro umarnin su harbi duk wanda aka gani da AK-47 ba bisa ƙa'ida ba, magana aka yi da Hausa, jaridun Legas suka kwashe ta suka buga shoot on sight, daga nan lauyoyi da masu kare haƙƙin ɗan'adam suka yi ta muhawara a kan me doka ta yarda da shi. Ita kanta shoot ɗin ba ta ce a kashe ba, shi ya sa Turanci ke da shoot to kill daban, amma kowa ya san jami'in da aka ce ya harbi mai AK-47 ba ƙafa zai tsaya nema ba. Buɗe wuta da na rubuta a sama kuma, in ka lura open fire ne muka sa wa hula, ta zauna daram har mun manta baƙuwa ce. Ita fire ɗin da bindiga aka haife ta a wannan ma'anar don sai an kunna wa albarushi wuta, shi ya sa masu bin ƙwaƙƙwafi ke tsaki in suka ga fim ɗin zamanin da sarkin yaƙi ya ce wa 'yan baka fire, wutar me za su kunna wa kibiya? In kuma oga ne ya ce maka fired, tattara kayanka kawai.

Shi dai ƙanina an ja masa kunne, yanzu muna location yake rubutawa, ko ya sa hoton kyamara ya yi shiru. Gwaggo kuwa ta samu abin tsokana, duk safiyar da ya leƙa gaishe ta da jakar nan a kafaɗa sai ta dube shi sama da ƙasa ta ce, "Maharbi, yau kuma wace unguwar za a harbe?"